Ceu Yoyoh da Sikof ɗin Mijinta

Shagona yana kallon na Ceu Yoyoh da mijinta. Hanya ce kawai tsakaninmu, irin wadda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata kafaɗa. Batura nake sayarwa da wayoyin wuta da rimot, a saman benen kasuwar kayan lantarki ta Cikapundung, nan Bandung, tun ina da goyon fari. Sunana Entin. Abin da zan faɗa game da Yoyoh Rokayah, wadda duk layinmu ke ce wa Ceu Yoyoh, wato yaya Yoyoh, saboda ta girme mu, yawancinsa a kan idona aka yi shi, sauran kuma ita ta ba ni da bakinta muna cin abincin rana.

'Yar ƙauye ce daga wajen Garut. Ubanta yana noman shinkafa yana kiwon raguna. Da ta gama firamare aka turo ta birni wurin gwaggonta, gwaggon ta samo mata aiki a wani kamfani da ke harhaɗa rediyo da rikoda. Nan ta yi ƙuruciyarta, zaune a layi ɗaya da mata da yawa, fanel, wato ɗan allon da ake jera kayan cikin rediyo a kai, yana zuwa gabanta ta liƙa masa ƙananan kaya da dalma ta tura gaba, wani ya zo. Ta ce har cikin barci yatsunta na motsi. Ta ƙware ƙwarai, har shugabar layinsu takan ɗaga aikinta ta nuna wa sababbi, ɗigon dalmarta sumul yana ƙyalli kamar ƙwayar raɓa. Amma da za ka tambaye ta aikin me wannan abu yake yi a cikin rediyo, sai ta yi maka dariya. Ba wanda ya taɓa gaya mata, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

A ƙofar kamfanin ta haɗu da Engkos. Yana zuwa sayen fanel ɗin da aka ƙi, ya ciro abin da zai ciro. Saurayi ne mai surutu, mai gyaran rediyo da talabijin, kansa cike da lissafin wuta. Suka yi aure, Allah ya ba su 'ya ɗaya, Lilis. A shekarar da darajar kuɗi ta faɗi kamfanoni suka yi ta rufewa, nasu Yoyoh ma ya rufe. Ta koma gida, ta kama soya awara da ƙulla shinkafa a ganyen ayaba, da rana ta ɗauko kwando ta zagaya kasuwa, ta ƙarasa a shagon mijinta. A haka na san ta: mace gajera mai faɗin fuska, ba ta da yawan magana, takan zauna a kan akwati a bakin shago tana yi wa kanta fifita da kwali.

Shi kuwa Mang Engkos, wato kawu Engkos kamar yadda muke kiransa, ba ya bari kowa ya taɓa teburinsa, har matarsa. Idan ta sa hannu za ta share ƙura sai ya ce ta bari, shi ya san inda kowane noti yake kwance. Abin da ya fi ji da shi a teburin nan kuwa osiloskof ne, mu a kasuwa sikof muke ce masa. Akwati ne mai launin toka da ɗan gilashi a gaba da maɓallai. Idan aka ɗora tsinkensa a jikin fanel, sai ya zana yadda wuta ke tafiya a wurin, tana hawa tana sauka, mai gyara ya gani da idonsa inda ta lalace. Ya saye shi ne na hannu, a gwanjon kayan wani kamfanin sadarwa, ko a lokacin ma ya kwana biyu. Da shi ya yi suna wajen gyaran amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Masallatai da masu kiɗan biki daga nesa suke kawo masa aiki. Yakan ce sauran masu gyara lalube suke yi, shi gani yake yi.

A shekararsa ta ƙarshe da lafiya, hasken gilashin ya fara canzawa. A da hasken fari ne tas, sai ya koma ja-ja kamar ruwan wankin nama, wani lokaci ya yi ta ƙiftawa kafin ya tsaya. Engkos yakan dafa shi da tafin hannu ya ce zai duba bayan salla. Sallar ta zo ta wuce. Wata safiya yana alwala ya faɗi a bakin rijiya. Hawan jini ne. Ya tashi daga asibiti ɓarinsa na dama ya shanye, hannun ya lanƙwashe a ƙirji, bakin ya karkace, maganar da take gudu kamar ruwan kogin Cikapundung da damina ta koma fita ɗaya-ɗaya da ƙyar.

Shagon ya daɗe a rufe. Lilis, wadda ke aure a garin Cikarang, ta zo ta ce iyayenta su tattara su koma wurinta, akwai ɗaki. Maganarta da gaskiya a ciki, kuma don ƙauna ta yi ta. Haji Komar, mai sayar da lasifika a ƙarshen layinmu, shi ma ya fara leƙowa yana tambayata ko na ji abin da za a yi da shagon, don surukinsa na neman wuri. Ba mugu ba ne Haji Komar, bakinsa ne dai ba linzami, kuma shi da Engkos sun shekara da shekaru suna tsokanar juna.

Da Engkos ya fara takawa da sanda, ya nace sai an kawo shi kasuwa. Muka taru muka hau da shi bene. Ya zauna a kujerarsa, ya dubi teburin ya daɗe, sannan ya miƙa hannun hagu ya danna maɓallin sikof. Muka ji ƙarar da ya saba yi in ya tashi, fankar ciki ta kama juyawa, amma gilashin baƙi ƙirin. Ya kashe, ya sake kunnawa. Haka dai. Ya kawar da kai ya ce wa matarsa, kalma na bin kalma a hankali, a sayar da komai a kilo, a gaya wa Lilis sun yarda. Aka sauko da shi.

Bayan 'yan kwanaki Yoyoh ta zo ita kaɗai da buhuna da kwalaye don ta kwashe kaya. Ina ganinta tana ɗaukar abu ta juya shi ta ajiye, ba ta san wanne ne shara wanne ne dukiya ba. Da ta zo kan sikof ɗin ta kunna shi, ta ce min daga baya ba don komai ba, so take ta ƙara jin ƙarar nan da ta saba ji in ta kawo abinci. Shagonsu lungu ne, ko da rana sai da fitila, ga shi ƙwan sama ya ƙone. Tocilar wayarta ta kunna tana neman inda igiyar wutar ta bi. Hasken ya faɗa kan gilashin a karkace.

"Entin, zo ki gani," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Ko dai idona ne?"

Na tsallaka. Ta karkata tocilar, sai ga wasu layuka dishi-dishi a cikin baƙin gilashin, da ƙananan haruffa a gefe, kamar rubutun da ruwa ya wanke. Ta murɗa wani maɓalli, layin tsakiya ya motsa sama. Ta mayar, ya dawo. Muka dubi juna. Ni ban san komai a gyara ba, amma ko ni na gane abin nan bai mutu ba. Yana aikinsa a cikin duhu ne kawai.

Ta bar buhunan a nan ta tafi gida. Ta ce da ta gaya wa mijinta ya ci gaba da kallon bango, har ta yi zaton bai ji ba. Washegari ta fito daga wanka ta tarar da shi zaune a bakin gado ya sa riga shi kaɗai, maɓallan a karkace, sandarsa a kan cinya.

Da suka iso ya sa ta haska masa, ya gani da kansa. Ya yi tsaki, irin tsakin da mutum ke yi wa kansa. Ya ce fitilar bayan gilashi ce, shi ma ya kamata ya tuna, ciwo ne ya toshe masa kai. Sannan ya dubi hannunsa na dama da ke lanƙwashe, ya dubi sukuddireba. Yoyoh ba ta tambaye shi ba, ta jawo kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba, ta tura masa akwatin da take zama, ta ɗauki sukuddireba.

"Ka faɗa min inda zan kwance, Kang," ta ce, yadda mata ke kiran mazajensu a nan. "In na ɓata, ai dama a kilo ka ce a sayar."

Haka aikin ya fara. Da yake maganarsa ba ta sauri, sai ya samo tsinken tsire ya riƙe a hagu yana nuni da shi. Ya nuna noti, ta kwance. Ya nuna wani, ta kwance, ta jera su a cikin murfin gwangwanin biskit yadda suka fito. Kafin ta kai hannu ciki ya bugi teburi da tsinken, ya sa ta zare igiyar wuta, suka zauna suna jira. Ya ce akwai kayan da ke riƙe wuta ko an kashe, kuma ɗan fanel ɗin da ke kunna fitilar yana ɗaga wuta ta yi ƙarfin da za ta iya jefar da mutum daga kujera. Ta saurara, ta sa ya maimaita abin da ba ta ji ba. Shi kuma maimaitawa na ba shi haushi. A ranar farko sau da yawa ya jefar da tsinken, ita ta sunkuya ta ɗauko ta miƙa masa.

Da suka raba gilashin da gidansa, sai ga fitilar kwance a gefe cikin wani ɗan kwararo. Dogon ƙwai ne irin na ofis, amma siriri kamar tsinken tsintsiya, bakinsa biyu sun yi baƙi. A bayan gilashin kuma akwai wasu fararen ledoji shimfiɗe a kan juna, masu baza hasken ya game ko'ina. Engkos ya ce kada ta taɓa su da yatsa, kuma ta lura da yadda aka jera su. Ta ɗaga su da hantsaki ta kwantar a kan sabon ɗankwalinta.

Neman irin ƙwan ya zama aiki. An daina yin sa. Yoyoh ta bi shagunan 'yan gwangwan a ƙasan kasuwa da tsohon ƙwan a cikin bututun biro don kada ya fashe. Na tsofaffin kwamfutoci duk sun yi tsawo. A ƙarshe ta samu daidai a cikin wata 'yar talabijin ta mota. Ta kawo shi tana murna, tana cikin zura masa robar baki ya ce ƙas a hannunta. Engkos ya sa aka buɗe fanka aka share wurin da jiƙaƙƙen tsumma, don hayaƙin cikinsa guba ne. Bai yi faɗa ba. Ita ce ta fita ta tsaya a bakin matakala ta daɗe, da ta dawo idonta ya yi ja.

Labari ya riga ya zaga layi. Haji Komar ya zo ya jingina da ƙofa yana shan shayinsa.

"Engkos, ashe ka yi sabon yaron shago? Wannan ai da awara za a riƙa biyan ka, ba ka da asara."

Engkos ya daɗe yana haɗa amsar a bakinsa, mu duka muna jira. Da ta fito, cewa ya yi, "Ita... ko ba komai... tana da kai. Kai hula ce kawai."

Layi ya kwashe da dariya, har da Haji Komar, wanda ya cire hular ya duba cikinta ya mayar. Tun da Engkos ya kwanta, ranar ce na fara ganin ɓarin bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

Yoyoh ta koma ƙasa ta samo wani ƙwan. Wannan karon ya shiga lafiya. Da aka zo liƙa wayoyinsa, ta ɗauki ƙarfen dalma, ta goge bakinsa a jiƙaƙƙen soso, ta taɓa sau ɗaya a nan sau ɗaya a can, shi ke nan. Engkos ya sa ta kawo masa kusa da ido. Ya juya shi ya sake juyawa. Shekarunsu nawa tare, ya san a kamfani ta yi aiki, amma bai taɓa tsayawa ya kalli hannunta a kan aiki ba. Ya ajiye bai yaba ba, sai dai daga ranar ya rage jefar da tsinke.

Aka mayar da komai, aka kunna. Gilashin ya haska fari, har na fara tafi. Kafin mu gama murna ya ƙifta ya mutu. Aka kashe aka kunna, ya sake haskawa ya sake mutuwa. Engkos ya sa ta kusantar da hancinta wajen ɗan fanel ɗin fitilar, ta ce tana jin ƙauri. Ya gyaɗa kai. 'Yar taransifomar da ke kai ta gaji, tana tartsatsi a ciki, irinta kuwa ko a 'yan gwangwan sai an dace.

Nan aikin ya tsaya kwanaki. Lilis tana bugo waya tana tambayar yaushe za ta turo mota. Uwar takan ce mata tukuna. Amma kullum da safe suna zuwa, shi da sanda ita da kwandon awara, su buɗe shago su zauna. Na lura ya fara hawa matakalar ba tare da an tallabe shi ta ɓangare biyu ba.

Wata rana da azahar muna cin shinkafa da soyayyen kifi da dakakken barkono a shagona, ta ƙura wa akwatin gilashin da nake jera batura ido. A cikinsa akwai zaren ƙananan ƙwayayen fitila na zamani masu farin haske, irin waɗanda kowa ke liƙawa a kanta yanzu, ba sa zafi ba sa cin wuta. Ta tambaye ni ko ana yanka shi gajere. Na ce ana yi. Ta ɗauki guntu ta tsallaka, ta gwada shi a kwararon da tsohon ƙwan yake kwanciya. Ya shiga kamar don shi aka yi.

Engkos ya ƙi. Ya ce wannan na'urar awo ce, ba kantin kayan kwalliya ba. Ya ce 'yan akwatunan da ake haɗa wa waɗannan ƙwayaye suna watsa hayaniya a cikin wuta, za su sa sikof ya riƙa zana ƙarya, gara ya zauna a duhu da ya yi ƙarya. Ya yi wannan dogon bayani da ƙyar, gumi na keto masa, amma ya kai ƙarshensa. Yoyoh ta bari ya gama sannan ta tambaye shi, in ba a sa akwatin ba fa? Babu wata wuta mai sanyi a cikin sikof ɗin kansa da za a ɗiba? Ya zauna yana kaɗa tsinke a gwiwa. Can ya ce ta ɗauko mita.

Yinin nan duka suna awo. Ita ke ɗora tsinkayen mita inda ya nuna, shi ke karanta lamba. A nan ne, in ji ta, ta fara tambayar abin da ba ta tambaya ba duk zamanta a kamfani: wannan me yake yi, don me aka sa shi a nan. Shi kuma ya ga in ya ba ta amsa aikin ya fi sauri, sai ya riƙa ba ta. Suka samo wayar da ke kai wuta ga tsohon fanel ɗin fitilar, wuta ce daidaitacciya marar ƙarfi. Suka cire fanel ɗin gaba ɗaya. Ya yi lissafi a kansa, ya faɗi irin ɗan abin rage wutar da za a sa a tsakani don ƙwayayen kada su yi zafi, ta je ta zaɓo shi a aljihun teburinsa da launukan jikinsa. Launukan nan ta san su tun tana budurwa, ma'anarsu ce ba ta sani ba sai ranar.

Gwajin farko haske ya zo, amma da tabo-tabo a gefe ɗaya, kowane ƙwai da nasa ɗigon, ɗaya gefen kuma dishi-dishi. Ga kuma wani gashi kwance a tsakiyar gilashin. Engkos ya ce gashinta ne, ta ce nasa ne, don nata a rufe yake. Suka sake kwancewa. Ta gano ta kifa ɗaya daga cikin fararen ledojin, ta gyara. Ta sayo zaren da ƙwayayensa suka fi matsuwa da juna, ta yanko siririyar farar leda daga wani mataccen gilashi ta shimfiɗa a gabansu don ta tausasa hasken. Kafin ta rufe ta hure ƙura da robar hura iska, ta hana kowa wucewa ta ƙofar, har ni.

Da la'asar aka kunna. Gilashin ya cika da haske fari sol, ko'ina daidai, kuma ya tsaya. Ba wanda ya yi tafi wannan karon, jira muke ya mutu. Bai mutu ba. Engkos ya sa ta maƙala tsinken sikof a wani ɗan ƙarfe da ke gabansa, wanda ake gwada lafiyarsa da shi. Zane ya fito, yana hawa ya miƙe, ya sauko ya miƙe, kusurwoyinsa tsaf ba gargada. Ya murɗa maɓalli da hagu ya ƙara girman zanen, ya kafa masa ido yana neman hayaniyar da yake tsoro. Babu. Ya ajiye tsinken tsiren a kan tebur, ya share fuska da hannun riga, ya ce zafi ake yi a shagon nan.

"Yoh," ya ce bayan wani lokaci. "Amfilifayar can... ta masallacin unguwar Cicadas. Sauko da ita."

Tun kafin ya kwanta aka kawo ta, masu ita har sun gaji da zuwa. Suka gyara ta a cikin makon, shi yana kallon gilashi yana faɗa, ita tana cirewa tana liƙawa.

Lilis ta zo da kanta ranar Lahadi da niyyar yin faɗa. Ta tarar da uwarta da tabarau a kan hanci, hayaƙin dalma na tashi, ubanta na yi mata gardama a kan wata kafasita. Ta tsaya a shagona tana kallonsu. Ta ce min ita tsoronta kada ya sake faɗuwa a matakala. Na ce tsoronta daidai ne. Kafin ta koma ta je ta ga shugabannin kasuwa, ta yi ta kai da kawowa har aka kafa ƙarfen dafawa a matakalar ɓangarenmu. Ta sa uban ya yi mata alkawarin shan magani da zuwa gashin ƙashi, ta ɗora ni a kan in kai mata rahoto in ya saɓa. Maganar Cikarang ba a sake ta da ita ba.

Ba zan ce komai ya dawo yadda yake ba. Hannun Engkos na dama bai tashi ba har yau, sai ɗan motsin yatsa biyu. Akwai ranakun da yake tashi da baƙin rai, ya zauna bai ce wa kowa komai ba, ita ta yi abin da za ta iya ta bar sauran. Wasu tsofaffin masu kawo aiki da suka ga mace a kujera sun ɗauki kayansu sun yi gaba. Wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Ta taɓa ƙona fanel ɗin wani mai kiɗan biki don ta juya ƙafar wani abu, suka yi kwanaki suna gyara ɓarnar, mutumin na zuwa yana zage-zage. Awara kuwa ta daina soyawa, abin da ya fi damun Haji Komar ke nan. Surukinsa ya samu shago a ƙasa. Shi kuma Haji Komar yanzu duk lasifikar da aka dawo masa da ita, nan yake kawowa, ya ajiye ya ce a ba yaron shago, kada a ba tsohon.

Maganar Engkos ta sake sosai, likita ya ce yawan gardama ne ya taimaka. Ita kuma kanta ya buɗe. Yanzu takan ɗora tsinke ta kalli zane ta faɗi inda ciwon yake kafin ya buɗe baki, in ta dace ya yi shiru, in ta kuskure layi duka sai ya ji.

A daminar da ta wuce wani malamin makarantar koyon sana'a daga Garut, Malam Ruhiyat, ya zo sayen kaya ya ga sikof ɗin yana haske. Ya tsaya ya tambaya, don ya san irinsa, ya kuma san yadda suke ƙarewa. Ya ce a makarantarsu akwai irinsa da dama jibge a kabad, duk ciwo ɗaya. Ya san fitila ce, amma shi kaɗai ne da azuzuwa cike da yara, bai taɓa samun sararin zama a kansu ba, ɗalibai kuwa sai su taru su goma a kan guda ɗaya mai aiki. Ya roƙi a zo a duba, in da hali a yi aikin a gaban ɗaliban su gani. Engkos ba zai iya doguwar tafiyar mota ba. Ya dubi matarsa, ta dubi ƙasa. Ta ce ita ba ta taɓa tsayawa gaban aji ba, firamare kawai ta yi. Malamin ya ce ba lacca yake so ba, hannu yake so su kalla, kuma akwai 'yan mata a ajin da ba su taɓa ganin mace da ƙarfen dalma ba.

Ta yi kwanaki tana cewa ba za ta ba, tana kuma yanka zaren ƙwayaye daidai tsawo tana jerawa a gwangwani. Ranar tafiya ta biyo ta kasuwa da sassafe ta rako mijinta, ta sa sabon mayafi ruwan ganye, jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta ja ni gefe ta ce maganinsa na rana yana aljihun rigarsa, kada in bar shi ya sha kofi ko ya roƙe ni, kuma in Haji Komar ya kawo masa soyayyen abu in kore shi. Shi kuma yana ta jaddada mata ta zare igiyar wuta ta jira kafin ta sa hannu, ta kula da jerin ledoji. Ta ce ta ji. Za ta kwana biyu a can, ta ƙarasa ƙauye ta gaida ƙannenta da ta daɗe ba ta gani ba.

Da ta sauka, ya koma kujerar tebur ya zauna, ya kunna sikof ya bar shi yana ɗumi. Ba a jima ba wata mata ta zo da rediyo a leda, ta leƙa ta tambayi ina mai gyaran. Ya ce ta tafi koyarwa Garut, sai jibi, amma ta ajiye ya fara dubawa kafin ta dawo. Ya karɓi rediyon ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗauki sukuddireba da hagu, ya kira ni in zo in riƙe masa tocila.